Amsa ga ɗan'uwan da talabijin ɗinsa ta fashe a wajen baje koli

Assalamu alaikum. Malam na ga tambayarka, cewa kun buɗe akwati a rumfa kun tarar gilashin talabijin ya tsage, wa zai biya. Allah ya mayar da alheri. Na jima ina kai kaya baje koli, kuma tambayata ɗaya ce, ka sa hannu a takardar karɓar kaya kafin ka buɗe akwatin? Don a nan ake cin mutum.

Ni ma ta faru da ni da wani kabet na gilashi, direba na ta azalzalata wai wasu rumfunan na jiransa, na sa hannu ban duba ba, muna cire kwali sai ga tsaga tun daga kusurwa har ƙasa, ga shatin bakin foklif, wato motar ɗaga kaya, ɓaro-ɓaro a jikin katakon. Masu dakon suka nuna min sa hannuna, magana ta ƙare. Wallahi abin ya daɗe yana cina. Tun daga ranar ko ana ha maza ha mata sai na buɗe a gaban direba, in ɗau hoto da bidiyo, ko ƙwarzane na gani in rubuta a takardar shi ma ya sa hannu.

Masu shirya baje kolin kar ka sa rai da su sosai, duba yarjejeniyarku, galibi sun zare hannunsu daga ɓarnar kayanka, amma kai ka buga ƙusa a bangonsu ko ka ɓata kafet, a kuɗin ajiyarka za su cire. Duk da haka je ofishinsu yau ɗin nan su rubuta maka rahoto, masu inshora za su nema.

In ta jirgin sama kayan suka zo daga wata ƙasa, yarjejeniyar Montreal ta 1999, wato ta ƙasa da ƙasa kan sufurin jirgin sama, kwana 14 ta ba ka ka kai wa kamfanin jirgin ƙorafi a rubuce, kuma da nauyin kaya ake lissafa diyya sai dai in ka bayyana darajarsu tun farko, shi ya sa nake yin inshorar da ta haɗa zuwa da zaman rumfa da dawowa. Kar ka yar da akwatin da soson ciki, kar ka kai gyara sai wakilin inshora ya gani. Ranar kwashe kaya kuma dan Allah ka tsaya da kanka, kowa ya gaji a lokacin, jifa ake yi da kaya.