Gadar haƙori: duba maƙwabtan giɓin kafin ki yanke shawara

Wa alaikumus salam 'yar'uwa. Na ga tambayarki: an cire miki turmi ɗaya na ƙasa wata biyu da suka wuce, likita ya ce a yi miki gada, wato sabon haƙori da ake ɗora nauyinsa kan haƙoran gefen giɓin, ke kuma jikinki ya yi sanyi da kika ji sai an fiƙe haƙora biyu na gefe, har kina tunanin ki bar giɓin haka nan tun da ba a gani idan kin yi dariya. Ni ba likita ba ce, amma ina da gada a bakina fiye da shekara goma, a wuri irin naki, don haka bari in faɗa miki abin da na sani.

Maganar barin giɓin dai ki ajiye ta. Idan turmin farko ne, wanda ke fitowa yaro yana shekara 6, shi ke ɗaukar mafi yawan aikin tauna. Da zarar ya tafi, na bayansa yana fara kwantowa cikin giɓin a hankali, na sama kuma da ya rasa abokin haɗuwa sai ya riƙa saukowa. Ba a wata ɗaya ake gani ba, sai shekaru sun ja, abinci ya fara maƙalewa a inda da ba ya maƙalewa, ki wayi gari kina tauna a gefe ɗaya kawai. Lokacin da za ki koma neman gyara, filin ya matse, aikin ya ƙara wuya da tsada. Amma in na can ƙarshe ne, wanda ke fitowa bayan an girma, wannan ba a mayar da shi, a bar shi ya tafi.

Yadda ake gadar: za a yi miki allurar kashe zafi, a rage haƙorin gaba da giɓin da na bayansa ta ko'ina, kusan milimita ɗaya da rabi zuwa biyu, su zama 'yan kututture. A ɗauki awon bakinki a aika wa masu ƙerawa, a sa miki na wucin gadi na roba kafin na gaske ya iso. Abin da za a kawo haƙora uku ne a manne da juna: biyu na gefe huluna ne da za su hau kan kututturan nan, na tsakiya kuma shi ne sabon, yana zaune a kan dasashi ba shi da saiwa. Sai a liƙe da siminti na musamman, ba a cirewa. Ki lura da wannan wajen kuɗi, don mutane na shan mamaki: haƙori ɗaya kika rasa, amma na uku za a caje ki.

Tsoron da kike ji yana da tushe. Ɓawon da aka kankare ba ya dawowa har abada. Wancan haƙorin ya zama sai da hula har ƙarshen rayuwarsa, kuma a wasu mutane jijiyar ciki takan mutu daga baya, sai an huda an wanke ta. To a nan ne shawarar take, kuma ba wanda zai iya yanke miki a cikin wannan zaure sai an ga hoton bakinki. Yaya maƙwabtan giɓin suke? Ni nawa, ɗaya yana da ƙaton ciko da ya ci rabinsa, ɗayan kuma ya tsage a gefe. Ko ba giɓi, hula suke nema. Don haka gadar ta zama jifa ɗaya tsuntsu biyu, ban yi asarar komai ba. Idan naki haka suke, ki yi gadar hankali kwance. Idan kuwa lafiya ƙalau suke, ba ciko ba kogo, ni dai a ganina abin tausayi ne a sassaƙe lafiyayyu biyu saboda ɗaya, matuƙar akwai halin wata hanyar.

Wata hanyar ita ce dashe. Ana dasa ƙusar ƙarfen titaniyom a cikin ƙashin muƙamuƙi, a jira wata 3 zuwa 6 ƙashi ya kama ta, sannan a ɗora haƙori a kai. Ba sabon abu ba ne, tun 1965 aka fara yi wa mutum a ƙasar Suwidin. Ba ya taɓa maƙwabta, kuma yana riƙe ƙashin wurin, wanda a ƙarƙashin gada yakan ci gaba da shanyewa har wata rana ki ga ɗan rami tsakanin haƙorin da dasashi. Matsalarsa kuɗi ne, ga tiyata, ga jira, ga shi sai ƙashi ya wadata. Mai ciwon suga da bai daidaita ba da mai shan taba, likita zai yi ta jan ƙafa a kansu, kuma yana da gaskiya.

Na ga wata 'yar'uwa a zauren nan ta ambaci gadar da ba a fiƙe haƙori. Akwai ta, ana ce mata Maryland, tana da 'yan fukafukai da ake liƙawa a bayan haƙorin gefe. Ƙanena da ya rasa na gaba a haɗarin babur irinta aka sa masa, ta yi kyau ƙwarai. Sai dai ta fi dacewa da haƙoran gaba, turmi mai niƙa nama da gyaɗa yakan ɓalle ta. Haƙorin roba mai cirewa kuma shi ne mafi araha, yana riƙe filin kada maƙwabta su kwanto. Idan dashe kike so amma kuɗin bai taru ba, ki sa shi ki riƙa tari. Ba daɗi sosai, amma ba ya lalata komai in ana wanke shi ana cire shi da dare.

In kin zaɓi gada, ga abin da zai sa ta daɗe ko ta mutu da wuri. Ita gadar ba ta ruɓewa, amma kututturan da ke ƙarƙashinta suna ruɓewa, kuma a ɓoye, daga bakin hula inda ta haɗu da dasashi. Ɗaya ya lalace, duka ukun sun tafi, giɓin haƙori ɗaya ya koma na biyu. Burushi da asuwaki ba sa shiga ƙarƙashin na tsakiyar. Zaren sakace ma ba zai sauka ta sama ba tun da a haɗe suke. Sai kin nemi wata 'yar allurar roba mai ido da ake zura zaren, ki cusa ta ƙasa ki ja gaba da baya, ko ɗan siririn burushi mai shiga tsakanin haƙora. Kowane dare, ba sai kin ji wani abu ya maƙale ba. Ranar da kika fara za ki ji warin abin da ke fitowa, daga nan ba sai an tuna miki ba. Tsinke kuwa ki bar shi, dasashi yake ci. Ana cewa gada na kai shekara 5 zuwa 15, kuma bambancin na biyar da na sha biyar yawanci a wannan zaren yake. Ƙashi, ƙanƙara, da ɓare abu da haƙori, a yi haƙuri da su.

Wajen kaya, akwai ƙarfe mai rufin tangaran, irin nawa ke nan. Yana da ƙarfi, amma da dasashi ya ɗan ja baya sai baƙin layi ya bayyana a gindinsa. A turmi ba wanda zai gani, a gaba kuwa yana damun mutum. Akwai kuma zirkoniya, wani irin tangaran mai ƙarfi, fari ne duka, ba wannan layin, ya fi tsada. Idan kina son a haskaka miki haƙora, ko kina cin goro, a fara wankewa kafin a zaɓi launi, don tangaran ba ya canza launi daga baya. Masu cewa ki bari sai kin je Umara ki sa haƙorin Makka, wannan na ado ne, ba shi ne maganin giɓin turmi ba.

Ki je wurin likitan haƙori mai rajista, ba mai ƙera haƙora kaɗai ba, kowa da aikinsa. Asibitocin koyarwa irin na Aminu Kano da na Jami'ar Ahmadu Bello a Shika suna da sashen haƙori, akwai layi amma akwai ƙwararru. Ki nemi a ɗauki hoton saiwoyin maƙwabtan a nuna miki, a duba ko dasashinki na jini, don ba a ɗora gada kan haƙori mai girgiɗi. Ranar liƙawa kada ki ji kunya: ki cije, in kin ji ta fi sauran tsayi ko da kaɗan ne ki faɗa kafin a sa siminti. Wata biyu da cirewa ba ki makara ba, yanzu ne ma ramin ke gama cikewa. Allah ya ba ki lafiya, in an ɗauki hoton ki dawo ki faɗa mana abin da aka gani.