Kariyar Berlin: me ya sa mai baƙaƙe ke barin sarkinsa a tsakiya?

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ina koyon wasan ces a waya, kuma na sha ganin manyan 'yan wasa suna buɗe wasa haka: 1.e4 e5 2.Nf3 Nc6 3.Bb5 Nf6 4.0-0 Nxe4 5.d4 Nd6 6.Bxc6 dxc6 7.dxe5 Nf5 8.Qxd8+ Kxd8. An koya mana kada mu bar sarki a tsakiya, kada kuma sojoji biyu su cunkushe a layi ɗaya. Ga mai baƙaƙe ya yi duka biyun da gangan. Ina dabarar take?

Amsa: Wa alaikumus salam. Wannan buɗin shi ne Kariyar Berlin. Abin da aka koya maka gaskiya ne, sai dai dokar sarki an yi ta ne domin lokacin da sarauniya take kan allo. A taku na 8 duk sarauniyoyin biyu sun fita, to wa zai farauci sarkin da ke d8? Matsalar da ta rage masa ita ce ya tare wa hasumiyoyinsa hanya, suna daɗewa ba su haɗu ba.

Batun sojojin ya fi nauyi. Ƙirga su. A ɓangaren sarki mai farare yana da huɗu, e5, f2, g2 da h2, a gaban uku. A ɗaya ɓangaren mai baƙaƙe ne ke da huɗu, amma biyu suna c7 da c6, don haka da wuya su fitar da sojan da zai wuce ba mai tare shi. Idan aka kwashe komai ya rage sarakuna da sojoji, yawanci mai farare ne zai ci. Burinsa ke nan tun farko.

To amma dubi sojan nan na e5. Ya yi gaba da wuri, kuma soja ba ya komawa baya. Da yana e4 da shi ke tsare f5 da d5. Yanzu waɗannan gidaje, har da e6, sun zama na mai baƙaƙe, duk fararen gidaje ne, kuma bishof ɗin da zai yi takara a kansu mai farare ya riga ya ba da shi a taku na 6. Wanda ya rage masa yana bin baƙaƙen gidaje, sojansa na e5 kuwa ya toshe masa hanya. Shi ya sa rigimar duka take komawa kan dokin f5: mai farare yana son h3 sannan g4 ya kore shi, ya turo f4 da f5, mai baƙaƙe sai ya riga shi da h5. In sojoji huɗun nan suka kasa motsi, yawansu ya zama na banza. Sai dai a kula da e6, don mai farare kan tura sojan e5 can, ya sadaukar da shi domin ya buɗe layi a kan sarki.

Sarkin mai baƙaƙe yana da hanya biyu: ko ya koma e8, ko a kai bishof d7, ya bi ta c8, bayan b6 ya zauna a b7. Ta biyun Vladimir Kramnik ya bi a wasan farko da Garry Kasparov a Landan a 2000. Sau huɗu Kasparov ya tunkari Berlin a gasar, duk canjaras. Kramnik ya karɓe kambun duniya da maki 8½ da 6½, Kasparov bai ci wasa ko ɗaya ba. Kada ka ɗauka ba a fasa wannan kariya: a irin wannan tsari Magnus Carlsen ya doke Viswanathan Anand a wasa na 11 a Sochi a 2014, ya riƙe kambunsa.

A ganina ba buɗin mai koyo ba ne, don yana son haƙuri da sanin abin da za a musanya. In ka buga shi, ka riƙe bishof ɗinka na fararen gidaje da kyau. Ɗayan kuwa kana iya ba da shi a kan doki ba tare da fargaba ba. In kai ne mai farare kuma ba ka son rabuwa da sarauniya, buga 4.d3, ka tsare e4, wasan ya ci gaba da kowa a kan allo.