Amsa: Horon masu sauya wa tsohon gini aiki

Malam, ka tambaya ko karatun zanen gini kaɗai ya isa ga wanda zai sauya wa ginin tarihi aiki. A ganina bai isa ba. Wajibi ne mai tsara birane da masanin adana kayan tarihi su iya auna ƙarfin bango, su kuma san cewa siminti yakan lalata bangon farar ƙasa domin yana tsare danshi a ciki. Yarjejeniyar Venis ta 1964, wato ƙa'idojin ƙasa da ƙasa na adana gine-ginen tarihi, ta amince jama'a su amfana da irin waɗannan gine-gine, muddin ba a sauya fasalinsu da adonsu ba. Saboda haka na fi son ɗalibi ya yi watanni a wurin gyara tare da gogaggun magina kafin a ba shi shaida.