Ƙashin ƙwauri ya ƙi haɗuwa, yana fitar da mugunya: shin sai an yanke ƙafar?

Tambaya: Assalamu alaikum, Likita. Ƙanena ɗan shekara 27 ne, yana sana'ar kabu-kabu a Talata Mafara. Wata takwas da suka wuce mota ta buge shi, ƙashin ƙwaurinsa ya karye har ya ɓullo ta fata. Muka kai shi wurin mai ɗori, ya yi wata uku a can. Har yau ba ya iya taka ƙafar, kuma akwai wata 'yar kafa a ƙwaurin da ke tsiyayar mugunya, ta toshe ta sake ɓallewa. Da muka je asibiti aka ɗauki hoto, sai likita ya ce ƙashin bai haɗu ba, wani sashensa ya mutu, sai an cire shi. Mahaifiyarmu ta ce ba ta yarda ba, domin a ganinta daga cire ƙashi sai yanke ƙafa. Shin akwai wata hanya ta zamani da za a ceci ƙafar?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya ba ƙanenka lafiya, ya saka maka da alheri bisa ɗawainiyar da kake yi da shi. Akwai hanya, kuma cire mataccen ƙashin da likita ya ambata shi ne matakinta na farko. Ka gaya wa Hajiya cewa cire ƙashi daban, yanke ƙafa daban, kuma barin mataccen ƙashi a ciki shi ya fi kusantar da ƙafar ga abin da take tsoro.

Ƙwauri yana da wani rauni a halittarsa. Idan ka shafa gaban ƙwaurinka za ka ji ƙashi ne kai tsaye a ƙarƙashin fata, babu tsokar da ta lulluɓe shi kamar ta cinya, alhali kuwa tsoka da tantanin da ke manne a jikin ƙashi suna cikin manyan hanyoyin da jini ke bi ya ciyar da shi. Idan ƙashin ya karye ya fasa fata, ƙasar titi da tsummokaran wando sukan shiga har cikin ɓargo, kuma ɓallin da ya rabu da jijiyoyin jininsa ya mutu a ciki. Shi ya sa ake son a yi wa mai irin wannan karaya allurar kashe ƙwayoyin cuta cikin sa'a guda idan da hali, da rigakafin tetanus, sannan a wanke raunin a ɗakin tiyata. Wankin nan ba ya buƙatar wata na'ura mai tsada. Wani babban bincike mai suna FLOW, wanda aka wallafa a 2015 a kan majinyata sama da 2,400 masu karayar da ta fasa fata, ya nuna cewa kwarara ruwan gishirin asibiti a hankali ya wadatar kamar yadda fesa shi da ƙarfi yake wadatarwa, kuma waɗanda aka wanke wa rauni da ruwan sabulu sun fi komawa tiyata a kan waɗanda aka wanke wa da ruwan gishiri zalla. Ba na raina masu ɗori, domin akwai karaya mai sauƙi da ke haɗuwa a hannunsu, amma karayar da ta buɗe ba ta kara da tsumma ba ce, tunda ɗauri yana rufe datti ne a ciki, kuma idan ya yi tsauri ya ƙara tare jinin da dama ya yi ƙaranci.

Wata takwas ba ƙaramin lokaci ba ne ga ƙwayoyin cuta. Sukan manne a jikin mataccen ƙashi su shimfiɗa wa kansu wani yauƙi da ke kare su, kamar gansakukar da ke kama cikin randa, wadda sauya ruwa ba ya raba ta da randar sai an kankare. Magani kuwa jini ne ke kai shi inda ake buƙata, mataccen ƙashi kuma jini ba ya shigarsa. Wannan ne dalilin da ya sa mugunyar ke ɗaukewa idan an sha kafso, ta dawo idan an daina. Ƙwararrun ƙasa da ƙasa sun cimma matsaya, wadda aka wallafa a 2018, cewa kafar da ke tsiyayar mugunya daga wurin karaya ita kaɗai ta isa shaidar cewa cuta ta kama ƙashin.

A tiyatar farko likita zai yanke mataccen ƙashin kaɗan-kaɗan har sai ya ga ɗigo-ɗigon jini na tsattsafowa daga bakin ƙashin, wanda shi ne alamar an iso mai rai. Zai ɗebi nama da ƙashi daga can ciki, galibi daga wurare biyar, kowanne da kayan aikinsa daban, a kai ɗakin gwaji domin a gano ainihin ƙwayar cutar da maganin da ke kashe ta. Mugunyar da aka lakato daga bakin rauni ba abin dogaro ba ce, domin ƙwayoyin fata sukan gauraya da ita. Sau da yawa akan umarci majinyaci ya dakatar da shan maganin kashe ƙwayoyin cuta kimanin mako biyu kafin aikin, muddin ba ya zazzaɓi, don kada maganin ya ɓoye ƙwayar a wurin gwaji.

Bayan haka sai a sami giɓi a ƙashin, wani lokaci na santimita biyar ko fiye, kuma a nan ne ilimin tiyatar ƙashi ya ci gaba ƙwarai. Hanya ta farko ta likitan Faransa ce, Alain Masquelet, wanda ya fara ta a 1986 ya kuma wallafa sakamakonta a 2000. Ana cike giɓin da wani simintin tiyata, galibi gauraye da maganin kashe ƙwayoyin cuta, a tallafe ƙafar da ƙarfe, a rufe. Cikin mako shida zuwa takwas jiki zai naɗe simintin da wani tantani mai yalwar jijiyoyin jini. Sai a sake buɗewa, a tsaga tantanin a hankali, a cire simintin, a cika gurbin da ɓarɓashin ƙashi da aka ɗebo daga ƙugun majinyacin kansa, a ɗinke tantanin a kai. Tantanin ne ke ciyar da ɓarɓashin ya kuma hana jiki narkar da shi har ya dunƙule ya zama ƙashi guda.

Hanya ta biyu ta fi wannan daɗewa, kuma a ganina ta fi ban mamaki. Likitan Rasha Gavriil Ilizarov ne ya ɓullo da ita a garin Kurgan na Siberiya a shekarun 1950, ba ta kuma bazu a Yammacin Turai ba sai a farkon shekarun 1980. Ana kewaye ƙafar da zobban ƙarfe, a soke siraran wayoyi ta cikin ƙashin a ɗaure su a jikin zobban, ko kuma a kafa doguwar sandar ƙarfe a gefe guda. Sai a tsaga ƙashin a wani wuri mai lafiya nesa da ciwon, a jira kimanin mako guda, daga nan a fara jan ɓallin da aka tsaga zuwa cikin giɓin, milimita ɗaya tak a rana, a raba ta kashi huɗu. Majinyacin da kansa ke juya notin da ke jikin ƙarfen da ƙaramin sufana, safe da rana da yamma da dare, kuma a bayan ɓallin da ke tafiya sabon ƙashi ke tsirowa. Giɓin santimita shida zai ci kwana sittin na ja, sannan a ƙara wasu watanni kafin sabon ƙashin ya yi ƙwari, don haka ƙarfen yakan yi wata shida zuwa shekara a ƙafa. Amfaninta shi ne tana gyara gajarta da karkacewa a lokaci guda, kuma akan bar majinyaci ya riƙa takawa da sanda. Wahalarta kuwa ita ce kula da bakin wayoyin, domin nan ne kan yi ja ya yi ruwa idan tsafta ta yi ƙaranci, ga kuma yawan komawa asibiti ɗaukar hoto, abin da ya kamata ku auna da kyau ganin halin da hanyoyinmu na Zamfara ke ciki.

Girman giɓi da lafiyar fata da ƙwarewar likitan da zai yi aikin su ne ke zaɓar hanya. Idan fatar wurin ta lalace, sai an juyo tsoka daga sha-raɓa an rufe ƙashin, domin ƙashin da ke tsirara ba ya warkewa ko da wace dabara aka bi.

Ta fuskar magani akwai labari mai daɗi ga masu ƙaramin ƙarfi. A da ana ganin sai an yi mako shida ana ba da magani ta jijiya. Binciken OVIVA da aka yi a Birtaniya a kan majinyata 1,054, aka wallafa a 2019, ya nuna cewa waɗanda suka koma shan maganin ta baki da wuri ba su fi waɗanda aka ci gaba da ba su ta jijiya samun dawowar cutar ba bayan shekara guda: kimanin kashi 13 cikin ɗari a kan kimanin kashi 15. Wannan yana rage kwanan asibiti da kuɗin gado. Sai dai a binciken ƙwararru ne suka zaɓi maganin bisa sakamakon gwaji, kuma mafi yawan majinyatan an riga an yi musu tiyata, saboda haka ba hujja ba ce ta sayen kafso a kemis.

Ba zan ɓoye maka ba, akwai ƙafar da yanke ta ya fi alheri: wadda jini ya daina isa tafinta, ko wadda cutar ke neman halaka mai ita, ko gyambon da ya shekara da shekaru har ya rikiɗe ya zama ciwon daji. Wani bincike da aka yi a Amurka, aka wallafa a 2002, ya gano cewa bayan shekara biyu waɗanda aka yanke wa ƙafa da waɗanda aka ceto tasu sun yi kusan kunnen doki wajen gudanar da harkokin rayuwa. Amma can ƙafar roba mai kyau da gyaranta suna kusa da hannu, a nan kuwa ba haka ba ne, shi ya sa nake ganin matashi kamar ƙanenka, idan tafin ƙafarsa na da ɗumi yana kuma jin taɓi, ya cancanci a yi iyakar ƙoƙarin ceto ta.

Ku koma wurin likitan tare da Hajiya, a nuna mata hoton ta gani da idonta. Ku tambaye shi tsawon ƙashin da yake sa ran cirewa, da hanyar da zai bi ya cike giɓin, da yawan tiyatar da za a yi, da kiyasin kuɗin aikin gaba ɗaya, domin tsayawa a tsakiya saboda kuɗi sun ƙare ya fi komai ɓata irin wannan aiki. Idan ba a yin sa a inda kuke, ku nemi takardar turawa zuwa Cibiyar Lafiya ta Tarayya da ke Gusau, ko Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da ke Sakkwato, ko Asibitin Ƙashi na Dala da ke Kano. Kafin aikin a auna yawan jininsa da suga da sikila, ya yawaita cin wake da ƙwai da kifi da nono, idan kuma yana shan taba ya bari gaba ɗaya, domin tana tsuke jijiyoyin jini tana jinkirta haɗuwar ƙashi. Idan kuwa zazzaɓi mai zafi ya rufe shi, ko ƙafar ta kumbura farat ɗaya, ko yatsun suka yi sanyi suka fara baƙi, kada ku jira ranar da aka ba ku, ku kai shi asibiti a ranar.