Ku Tambaya, Mu Amsa: Gilaida Mai Inji da Turjiyar Iska

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina koyon gyaran jiragen sama. Na karanta cewa gilaida mai inji (jirgin da ke iya shawagi a iska ko da an kashe injinsa) ƙirar Grob G 109B tana tafiyar mita 28 kafin ta yi ƙasa da mita ɗaya idan an kashe inji, amma tsofaffinta ba sa kai haka. Ina matsalar take? Ko a ƙara mata ƙananan fikafikai masu miƙewa a ƙarshen fiffike? Daga wani ɗalibi a Zariya.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Ajiye maganar ƙarin fiffike tukuna. Adadin 28 na jirgi ne mai tsabta, wanda aka toshe duk wata kafa a jikinsa. Aikin farko shi ne a dawo da abin da tsufa ya cinye.

Fara da farfela. Idan aka kashe inji aka bar ta tana juyawa da iska, ta zama birki. Farfelar G 109B ana iya juya ruwanta ya fuskanci iska da kaifinsa, don haka a duba ko tana kaiwa ƙarshen juyin. Ƙofar iskar sanyaya inji kuma a rufe ta bayan ya huce. Girman wannan matsala ya sa kamfanin Stemme na Jamus ya ƙera S10 yadda farfelarta ke naɗewa ta ɓuya cikin hanci, kuma jirgin na tafiyar kusan mita 50 kafin ya yi ƙasa da mita ɗaya.

Sai kafofi, inda aka fi yin asara ba a sani ba. Iskar ƙasan fiffike ta fi ta sama matsi, saboda haka tana kutsawa ta tsagar da ke tsakanin fiffike da elaron (sashen bayan fiffike mai motsi da ke karkata jirgi gefe), ta hargitsa wadda ke gudana a sama. Ana toshe tsagar da tef ɗin Teflon daga ciki, a rufe da lanƙwasasshen Mylar (siririyar roba) mai faɗin kimanin milimita 30. A kankare tsohon gam tas, a shimfiɗa gam mai fuska biyu, a danna Mylar, sannan a bi bakinsa na gaba da siririn tef. Wannan tef na ƙarshe ba ado ba ne. Rana da zafi na kashe gam, kuma idan Mylar ya ɗago a kan elebeta (sashen wutsiya mai motsi da ke ɗaga hancin jirgi ko sauke shi), zai miƙe cikin iska ya rage wa matuƙi iko da hancin jirgi. Kafin kowane tashi a bi shi da yatsa. Mahaɗar fiffike da jiki ma a liƙe ta.

Bakin fiffike kuwa, ƙwaro ɗaya da ya mutu a kansa yana haifar da hargitsin iska mai faɗaɗa har baya. Ruwa da tattausan tsumma sun isa. Ƙura kada a goge ta a bushe, tana karce fenti.

Tambaya: Sabon fenti zai taimaka?

Amsa: Zai taimaka idan tsohon ya tsattsage, amma da sharaɗi. Fenti nauyi ne. Idan ya taru a bayan elaron ko elebeta, daidaiton nauyinsu ya ɓaci, sai su kama karkarwa a babban gudu, wadda ke iya ɓalle su cikin daƙiƙoƙi. Dole a cire su a auna, a gwada da adadin da ke littafin gyara, a kuma sake auna jirgin gaba ɗaya.

Ƙananan fikafikan da ka ambata suna rage turjiya a ƙaramin gudu, amma suna ƙara wa fiffike lodi. Ba a ɗora su sai da amincewar maƙera da hukumar kula da sufurin jiragen sama.

Kafin nan, liƙa zaren ulu mai tsawon santimita 10 a tsakiyar gilashin gaba. Da inji a kashe, idan ya karkata gefe, jirgin na tafiya a kaikaice, kuma ƙafar matuƙi ce za ta gyara ta hanyar taka fedar da ke juya hancin jirgi dama ko hagu.