Farashin Talla da Ainihin Kuɗin Yawon Shaƙatawa a Jirgin Ruwa

Tambaya: Kamfanoni biyu sun tallata balaguron kwana 7 a teku, farashin ɗaya ya yi ƙasa da na ɗayan sosai. Shin in ɗauki mai arahar?

Amsa: Kada ki yi gaggawa, domin farashin talla ba shi ne abin da zai fita daga aljihunki ba. Ki fara duba ko an haɗa da haraji da kuɗin tashoshin da jirgin zai yada zango, waɗanda ke bambanta daga hanya zuwa hanya. Girka, alal misali, tun 2025 tana karɓar Yuro 20 a kan kowane fasinja da ya sauka a tsibirin Santorini ko na Mykonos daga watan Yuni zuwa Satumba.

Abin da ya fi shammatar matafiya shi ne tukuicin ma'aikata, wanda kamfanoni irin su Carnival da Royal Caribbean ke ɗorawa kai tsaye a lissafin ɗaki, kimanin dala 16 zuwa 20 kullum ga kowane mutum, wato mutum biyu za su iya biyan fiye da dala 220 a mako guda. Intanet da abin sha da yawon gari duk kuɗinsu daban ne, alhali kamfanin Regent Seven Seas, mai tsada a ido, ya haɗa su cikin farashinsa.

Idan kuma ke kaɗai za ki kwana a ɗakin, ki tambaya tun da wuri, don sau da yawa ana cajin kusan kuɗin mutum biyu.