Ga mai tambaya a kan Yahudawan Tuwat da Tumbuktu

Ɗan'uwa, tambayarka ta sosa mini inda yake mini ƙaiƙayi. Ka ce kana son rubuta kundin digirinka a kan Yahudawan da suka zauna a Tuwat, wani yanki a Saharar Aljeriya ta yau, da Tumbuktu, ga ƙarancin littattafai, ga mutane sun fara yi maka wani irin kallo, ko ka canza batu? Kada ka canza. Ni ma abin da na rubuta ke nan, kuma na ɗanɗana kuɗata.

Ranar kare kundina, malamin da aka gayyato daga waje ko babi na biyu bai buɗe ba. Ya ɗaga kundin da yatsu biyu, ya dube ni ta saman tabarau ya ce, "Wa ya biya ka ka yi wannan?" Ɗaki ya ɗauki dariya. Ga lemo da ruwan gora da na sayo musu da kuɗin bashi jere a gabansa, yana kurɓa yana ci mini mutunci. Mai duba aikina, wanda ya sa hannu a kowane babi, ya sunkuyar da kai yana danna waya. Wallahi shirunsa ya fi mini ciwo. Kafin mako ya zagayo maganar ta kai masallacin unguwarmu, wai na koma aiki da Yahudawa, sai da Baba ya zaunar da ni bayan sallar isha'i. Har yau in na tuna tabaran nan raina ɓaci yake.

Ka shiga ta ƙofar Shehu Magili, don ba mai cewa ka bar gida. Shi da ya zo Kano ya rubuta wa Sarki Muhammadu Rumfa nasiha, shi ne ya jagoranci rushe wurin ibadar Yahudawan Tamantit a Tuwat wajen 1492. Alƙalin Tuwat, al-Asnuni, bai goyi bayansa ba, aka aika wa malaman Tilimsan da Fas da Tunis tambaya, kuma fatawoyin suna cikin Mi'iyar, littafin tarin fatawoyi na malami Wansharisi. Da na san zan nuna wa malamin nan mai tabarau wannan tun farko, da bakinsa ya mutu, tunda malamanmu ne suka yi muhawarar da Larabci. Masanin tarihi John Hunwick ya yi littafi guda a kan rikicin a 2006.

Akwai kuma wasiƙar Antonio Malfante, ɗan kasuwar Italiya da ya rubuto daga Tuwat a 1447, yana cewa Yahudawa suna da yawa a can, suna zaune lafiya ƙarƙashin kariyar manyan gari.

Don Allah ka guji shafukan intanet masu mai da kowace ƙabila ɓatacciyar zuriyar Isra'ila, za su ɓata maka aiki. Kuma kada ka bari a ja ka gardamar Falasɗinu a zaure, ka ce kai ƙarni na 15 kake karanta.

Na Tumbuktu kuwa sai da Faransanci. Ni wani ɗan Maraɗi mai sayar da atamfa ya riƙa fassara mini aikin masanin tarihi Ismael Diadié Haïdara da daddare, Allah ya saka masa, bai karɓi ko sisi ba. A nan za ka ga Mardokai Abi Serur, malamin Yahudawa daga Akka ta Maroko, da ya isa Tumbuktu wajen 1860 yana fatauci. Ka kuma tabbata mai duba aikinka zai buɗe baki ranar karewa, ka tambaye shi ƙiri-ƙiri tun yanzu.